Ka biya bashi amma sunanka bai fita ba: Abin da dokar rajistar bashi ta tanadar wa mutanen Madarumfa

Da zarar damina ta ɗauke, hankalin manoman Jiratawa da masuntan tafkin Madarumfa da 'yan tireda masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya yakan koma kan neman jari. Mai noman rani na buƙatar taki da man injin ban-ruwa, masunci na son sabuwar koma, mai sayen gero da wake ya ajiye na son kuɗi a hannu tun farashi bai tashi ba. Wanda buƙatarsa ta fi ƙarfin adashi da rancen ɗan'uwa, sai ya kama hanyar Maraɗi, inda bankuna da manyan asusan bayar da rance suke.

Sai dai kafin ma'aikacin banki ya ce an amince ko a yi haƙuri, akwai rajistar da doka ta wajabta masa ya leƙa. A cikinta ake rubuta bashin da mutum ya taɓa ci, da wanda ya biya, da wanda ya makara. Idan abin da ke ciki daidai ne, to babu laifi. Idan kuma akwai kuskure, ana iya hana mutum rance saboda bashin da ya riga ya biya, ko ma bashin wani mai irin sunansa da bai taɓa gani ba, ya koma gida yana zargin ƙiyayya ko rashin uwa a gindin murhu.

Wace rajista ce wannan?

A shekarar 2013 ne majalisar ministocin ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin CFA a Yammacin Afirka ta amince da doka ta bai-ɗaya kan ofisoshin tattara bayanan bashi, waɗanda ake taƙaita sunansu da BIC. Nijar ta mayar da ita dokar ƙasa mai lamba 2014-79 ta ranar 31 ga Disamba 2014. Babban bankin yankin, wato BCEAO, ya bai wa kamfanin Creditinfo VoLo lasisi a 2015, ya fara aiki a 2016. A yau ana kiransa Creditinfo West Africa, hedikwatarsa kuma tana Abidjan.

Ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairun 2025 ba ta taɓa wannan tsari ba, domin ƙasar tana nan cikin ƙungiyar masu kuɗin CFA, bankunanta kuma suna ƙarƙashin BCEAO.

Bankuna da manyan asusan bayar da rance, wato waɗanda ajiyarsu ko bashin da suka bayar ya kai biliyan 2 na CFA, dole ne su riƙa aika bayanan masu cin bashi, kuma su duba rahoton mutum kafin su ba shi. Dokar ta kuma buɗe ƙofa ga kamfanonin wuta da ruwa da tarho su bayar da bayanan biyan kuɗin abokan hulɗarsu. Amma ta hana rajistar tattara abin da mutum ya ajiye a asusunsa, ta kuma hana ta shiga batun addini ko ƙabila ko lafiya.

Ana neman amincewar mai neman rance a rubuce. Takardar amincewar takan zo ne cikin tarin takardun Faransanci da ake miƙo wa mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, kuma mai buƙatar kuɗin taki ba ya tsayawa tambayar abin da shafi na bakwai ya ƙunsa. Ta haka mutane da dama suka shiga rajistar da ba su taɓa jin sunanta ba.

Ƙofofin da kuskure ke shiga

Babbar ƙofa a ƙasar Hausa ita ce suna. A duba gari guda a gundumar Gabi ko Safo ko Sarkin Yamma a ƙirga masu suna Sani ɗan Abdu, ko Hadiza 'yar Ibrahim. Mu a gida muna rarrabe su da laƙabi da sana'a da unguwa: wannan na bakin kasuwa ne, wancan mai shayi ne. Kwamfuta ba ta san mai shayi ba. Abin da ta sani shi ne suna, sunan uba, ranar haihuwa da lambar katin shaida.

To ranar haihuwar ma fa? Dubban mutanen karkara ba a yi musu takardar haihuwa da aka haife su ba. Sai da suka girma suka je kotu aka yi musu takardar da ke maye gurbinta, aka rubuta cewa an haife su "wajejen" shekara kaza. Idan aka zo shigar da wannan cikin na'urar da ke neman rana da wata, abin da aka saba yi shi ne a rubuta 1 ga Janairu. Sai ga mutum biyu, suna ɗaya, sunan uba ɗaya, gunduma ɗaya, ranar haihuwa ɗaya.

Ga kuma matsalar rubutu. Sunan da mai shi ke furtawa iri guda, ma'aikaci ya rubuta Issoufou, wani ya rubuta Youssouf, a katin da aka yi a Katsina kuma ya zama Yusuf. Mahamadou da Mamane da Mohamed duk suna iya zama mutum guda. Wannan yana cutarwa ta fuska biyu. Yana iya manna wa mutum bashin wani, yana kuma iya raba tarihin mutum gida biyu, ta yadda bashin da ya biya lafiya lau shekara uku a jere zai zauna ƙarƙashin rubutun da banki bai nema ba, a ɗauke shi baƙo a harkar.

Ƙofa ta biyu ita ce biyan da bai isa inda ya kamata ba. Mutumin Madarumfa ba kullum yake zuwa Maraɗi ya tsaya gaban mai karɓar kuɗi ba. Yana iya bai wa direba, ko wakilin asusun da ke zagayawa ranar kasuwa, ko ya tura ta kamfanin aika kuɗi ko ta waya. Idan ba a rubuta lambar bashin a jikin kuɗin ba, ko wakili ya kwana biyu bai shigar ba, ko aka shigar cikin asusun wani, to a idon rajista mutum ya makara. Haka kuma bashin da aka gama biya yana iya zama a buɗe idan ba a aika bayanin rufe shi ba, ko kuma wasu 'yan kuɗin caji da ba a gaya wa mai bashin ba suka rage a kansa.

Ta uku ita ce rancen ƙungiya, wanda shi ne ruwan dare tsakanin manoma da mata masu ƙananan sana'o'i. Mutum goma ko ashirin suna lamunce wa juna, shugaba ko ma'aji ya sa hannu. Idan mutum biyu suka gaza, ba su kaɗai abin ke shafa ba. Wanda ya tsaya wa ɗan'uwa ko maƙwabci a banki shi ma yana iya ganin bashin a rahotonsa. Wannan ba kuskure ba ne a fuskar doka, ko da yake ga wanda ya biya nasa kason har sisi, abin da ciwo.

Akwai kuma mitar wuta ko ta ruwa da mutum ya bari da sunansa a gidan hayar da ya tashi, da layin waya da aka yi wa rajista da katinsa wani yake amfani da shi. Al'adar ba wa ɗan'uwa aron katin shaida don ya cika wata takarda, wadda muke ɗauka zumunci ne, ita ce hanya mafi sauƙi ta wayar gari da bashin da ba ka ci ba.

Kada a ɗauka wannan rauni ne na Afirka kaɗai. A Amurka, inda kowa ke da lambar shaida tasa, hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta fitar da bincike a 2013 da ya nuna cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a rahotonsa, kuma kashi 5 cikin 100 kuskuren nasu ya kai ya tsauwala musu sharuɗɗan rance. Idan haka ta faru a can, ba sai an yi dogon tunani ba kan inda rabin gari aka haife shi ranar 1 ga Janairu.

Abin da doka ta ba ka

Na farko, kana da haƙƙin ganin rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, idan ka rubuta buƙata ka haɗa da shaidar cewa kai ne. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga mai tsaye gaban teburin banki a Maraɗi: idan aka hana ka rance saboda abin da aka gani a rahoton, dole a sanar da kai, a kuma ba ka kwafin rahoton da aka dogara da shi. Amsar "kwamfuta ce ta ƙi" ba ta wadatar ba. Ka nemi takardar.

Idan ka ga abin da ba daidai ba, sai ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka haɗa da hujjojinka. Daga nan akwai wa'adi. Ofishin rajistar yana da kwana 5 ya miƙa ƙorafin ga bankin ko asusun da ya aiko da bayanin. Su kuma suna da kwana 15 su tabbatar, ko su gyara, ko su goge. Idan kwana 30 suka cika ba a warware ba, doka ta ce a janye bayanan mutumin daga idon masu dubawa na ɗan lokaci har a gama, a kuma nuna cewa ana kan gyara.

Idan bankin ya dage cewa bayaninsa daidai ne kai kuma ba ka yarda ba, kana iya rubuta gajeren bayani na ɓangarenka a liƙa a rahoton, kana iya kai kuka ga BCEAO, kuma ƙofar kotu a buɗe take. BCEAO yana da reshe a cikin Maraɗi, ban da na Yamai da Damagaram. Akwai kuma hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, HAPDP, wadda dokar 2017 ta kafa, da hukumar ARSM mai sa ido kan asusan bayar da rance.

A aikace, matakin farko shi ne reshen da ka ci bashin, domin rajistar ba ta ƙirƙirar bayani, abin da aka aiko mata take nunawa. Kuma a nan ne rasit ke zama komai. Ƙorafin baki, ko da an yi shi gaban manaja an sha hannu an rabu da fara'a, ba ya fara ƙirgen kwanakin nan. A rubuta wasiƙa kwafi biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata, a koma da ita gida. Wanda ya gama biyan bashi kada ya bar reshen sai ya nemi takardar shaidar cewa ba a bin sa komai.

Takardar rasit ta na'ura kan koɗe cikin 'yan watanni a zafin Maraɗi, ambaliyar daminar 2024 kuma, wadda jihar ke cikin waɗanda suka fi shan wahalarta, ta nuna yadda akwatin takardu ke tafiya cikin dare ɗaya. Ɗaukar hoton kowane rasit da waya a tura wa ɗa ko ƙane ba ya cin ko dala.

Wani abin da ake yawan cakuɗawa shi ne rajistar cak. Wannan daban take, BCEAO ne da kansa ke riƙe da ita. Ɗan kasuwar da ya rubuta cak babu kuɗi a asusu kuma bai gyara ba, ana iya hana shi rubuta cak har shekara 5 a bankunan yankin. Fita daga wannan sai an biya mai cak ɗin an kai shaida ga bankin da ya kai rahoton. Kafin mutum ya fara zirga-zirga, ya fara tambaya ya ji a wace rajistar sunansa yake.

"Na san wani a ciki"

A Amurka "gyaran suna a rajistar bashi" sana'a ce mai zaman kanta, da kamfanoni da talla. Ɓarnar da aka yi da ita ta sa majalisar ƙasar ta yi doka a 1996 da ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aikin, ta kuma hana su yin alƙawarin ƙarya. Duk da haka, a 2023 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta samu hukuncin dala biliyan 2.7 a kan kamfanonin da ke bayan Lexington Law da CreditRepair.com, saboda karɓar kuɗin gaba ba bisa ƙa'ida ba.

A yankinmu sana'ar ba ta da allo a ƙofar shago. Siffar da take ɗauka ita ce wadda kowa ya sani a bakin kowace ma'aikata: ɗan tsakani mai cewa ya san wani a ciki, a ba shi na goro ya sa a cire suna. Tun da takardun da Faransanci suke, Yamai kuma tafiyar sama da kilomita 600 ce, kasuwar irin wannan mutum a buɗe take.

Lissafin dai mai sauƙi ne. Idan bayanin kuskure ne, gyaransa haƙƙinka ne kuma doka ta shimfiɗa hanyarsa, don haka ɗan tsakani yana sayar maka da abin da yake naka. Idan kuma bayanin gaskiya ne, ka makara da gaske, babu wanda doka ta ba ikon goge shi. Ko da wani ya taɓa na'ura a ɓoye, bankuna suna sabunta bayanansu a kai a kai daga littafinsu, abin da aka goge zai sake dawowa. Abin da ke cire bayanin gaskiya shi ne lokaci, domin rajistar ba ta nuna tarihin da ya wuce shekara 5.

Mafi haɗari shi ne mai ba da shawarar a yi sabuwar takardar haihuwa da wani rubutun suna don a shiga banki a matsayin sabon mutum. Wannan jabun takarda ne, kuma wanda hotonsa ke jikin katin shi zai amsa tambaya gaban alƙali, ba dillalin ba. Shi kansa miƙa kwafin katin shaida ga mutumin da ba ka sani ba yana iya haifar da ainihin matsalar da ake gudu, wato a ci bashi da sunanka.

Wannan ba ya nufin kada a nemi taimako. Malamin makaranta, ko sakataren ƙungiyar manoma, ko mai rubuta wasiƙu a bakin kotu da zai tsara ƙorafi da Faransanci a biya shi ladan rubutu, aikin halal yake yi. Bambancin shi ne, shi ba ya alƙawarin sakamako, wasiƙar da sunanka take fita, amsar kuma hannunka take dawowa.

Bashin da iyaka ta karya

Akwai rukunin mutanen da babu kuskure ko ɗaya a rahotonsu, amma labarin bai cika ba. Tattalin arzikin Madarumfa a ɗaure yake da Jibiya da Katsina. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, bankuna suka taƙaita cirar kuɗi. Sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. A daidai wannan lokaci darajar naira ta faɗi warwas, abin da ya karya duk wanda ya ci bashi da CFA yana sayar da kaya da naira. Ga kuma 'yan bindiga da suka addabi ƙauyukan bakin iyaka, inda iyalai ke sayar da dabbobi da gonaki don fanso 'yan'uwa.

Rajista ba ta da gurbin rubuta "an rufe iyaka". Kwanakin makara kawai take ƙirgawa. Ga irin waɗannan mutane, hanyar ƙorafi ba za ta yi aiki ba, kuma su ne suka fi sauƙin faɗawa hannun masu alƙawarin gogewa. Abin da ya rage musu shi ne komawa ga mai bin bashin a sake tsara biya, a rubuta sabuwar yarjejeniya, a kuma bibiya a ga an aika sabon matsayin ga rajistar. Ba baƙon abu ba ne: a 2020, lokacin korona, BCEAO da kansa ya ba bankuna da asusai damar ɗage wa'adin biya na wata uku da za a iya sabuntawa, ba tare da tara ba. A ganina, yankin da aka rufe wa iyaka sau biyu cikin shekara biyar ya cancanci a saurari irin wannan roƙo daga gare shi.

Mai harka a ɓangarorin biyu kuma ya sani cewa Najeriya tana da nata tsarin daban, ƙarƙashin dokar 2017, da kamfanoni uku: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. A can lambar BVN ce ke bin mutum daga banki zuwa banki, kuma tun 2020 babban bankin ƙasar ya ba da damar a ciri bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wani banki. Ƙorafin da aka shigar a Maraɗi ba ya gyara abin da aka rubuta a Katsina. Kowanne sai an bi shi a inda yake.

Wani gibi kuma ya shafi mata. A jihar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da dama. Akwai matan da suka shekara ashirin suna zubi duk mako, suna cin bashi daga akwati suna mayarwa ba fashi. Ko ɗaya daga cikin wannan ba ya shiga rajistar BIC, domin akwatin mata da adashi ba sa cikin masu aika bayani. Ranar da irin wannan mace ta je banki neman kuɗin injin niƙa, rahotonta fari fat zai fito, sai dai ta ɗauko littafin ƙungiya ta ajiye a kan tebur.